“Ƙwaya kawai suka ba shi”: fashin baƙi kan hanyoyin shigar da maganin ciwon dajin hanji

Idan likita ya sallamo mai ciwon dajin hanji da ƙwayoyi a leda, ba ƙarin ruwa ba allura, yana nufin ya yanke ƙauna a kansa ke nan? Wannan tambaya ta kusa raba kan wani gida a unguwarmu a nan Garwa, arewacin Kamaru. Dattijon gidan ya dawo daga Yawunde bayan gwaje-gwaje sun nuna ciwon ya kai hanta, sai ƙanwarsa ta tsare babban ɗansa a zaure: “Kai dai ka gaya mana gaskiya. In cewa suka yi a dawo da Yaya gida a ci gaba da addu'a, mu sani. Wane irin ciwon daji ne ake yi wa magani da ƙwaya kamar zazzaɓi?” Yaron ya ce, “Wallahi Goggo, likita ya ce wannan ma shimiyo ce.” Shimiyo ita ce sunan da muke kiran magungunan da ke kashe ƙwayoyin halittar ciwon daji. Ba ta yarda ba.

Ba Goggo kaɗai ba ce. Mun tashi da tunanin cewa allura ta fi ƙwaya, ƙarin ruwa kuma ya fi allura, har wani in ya je asibiti ba a soke shi ba sai ya ga kamar an cuce shi. A ciwon daji wannan lissafi ba ya ci. Halin maganin, da wurin da ciwon ya yaɗu, da ƙarfin jikin majinyaci, su ke zaɓen hanya. Mu nan arewa kuma akwai na huɗu, wato nisan da ke tsakanin gadon majinyaci da likitansa.

Me ake nufi da ciwon ya yi nisa?

Ciwon dajin hanji yana farawa ne a bangon babban hanji ko a ƙarshensa, kusa da dubura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 an samu sabbin masu shi sama da miliyan 1.9, kuma ya kashe sama da mutum 930,000; shi ne na biyu a kisa cikin dukan ire-iren ciwon daji. A wurinmu yakan ɓuya a bayan sunan basir. Mutum zai yi watanni yana ganin jini a bayan gida yana shan jiƙe-jiƙe, sai rama ta bayyana ko ciki ya toshe sannan a nufi asibiti.

Idan likita ya ce ciwon ya kai mataki na huɗu, yana nufin ƙwayoyin halittarsa sun bar hanji sun je sun yi sansani a wani wuri. Hanta ce ta fi yawan karɓar baƙuncinsu, domin kusan duk jinin da ya fito daga hanji sai ya ratsa ta kafin ya wuce zuciya. Daga ita sai huhu da tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Ba kowane mataki na huɗu ne ƙarshen magana ba: wanda ciwon ya tsaya masa a wani yanki na hanta ana iya yanke wurin, wasu ma su warke. Ga mafi yawa dai, manufar magani ita ce a rage ƙarin, a tsawaita kwana, a sauƙaƙa wahala.

A nan ne kuskure na farko yake. Mutane na zaton tunda ciwon a hanji yake, ƙwayar da aka haɗiya za ta gangara ta same shi ta wanke shi daga ciki, shi ya sa wasu ke ganin ɗura magani ta dubura ya fi kai wa ga ciwon. Ba haka abin yake ba. Ƙwayar tun a ƙaramin hanji take narkewa ta shiga jini, jinin ne ke kai ta ga ƙari. Ciwon da ya riga ya isa hanta ko huhu kuwa, babu abin da za a zuba a cikin hanji ya taɓa shi.

Magani ɗaya, hali biyu

Ginshiƙin maganin wannan ciwo tsohon magani ne da ake kira 5-FU, wanda Charles Heidelberger da abokan aikinsa suka fito da shi a Amurka a 1957. Yana da halaye biyu da suka sa hanyar ba da shi ta zama abin muhawara shekara da shekaru. Na ɗaya, ya fi kama ƙwayar ciwo a daidai lokacin da take shirin rabuwa biyu, kuma ba duka suke rabuwa lokaci guda ba. Na biyu, ba ya daɗewa a jini. Akwai wani sinadari a hanta da bangon hanji, ana ce masa DPD, da ke farfasa shi nan take, cikin minti 10 zuwa 20 rabinsa ya tafi. Wannan sinadarin ne ya sa ba a ba da 5-FU ta baki, don ba a iya sanin nawa zai tsira ya kai jini.

Da farko tura shi ake yi a jijiya gaba ɗaya cikin 'yan mintuna, kwana biyar a jere kowane wata. Manomi ya san bambancin ruwan da ya sauko kamar da bakin ƙwarya ya gudu rafi da yayyafin da ya kwana yana jiƙa ƙasa. Haka abin ya zama a nan. A 1997 wani likitan Faransa, Aimery de Gramont, da abokansa suka wallafa gwajin da suka haɗa turawa da ɗigo na sa'o'i masu yawa, kowane mako biyu. Yawan waɗanda ƙarinsu ya ragu ya ninka, illa mai tsanani kuma ta sauka da kusan rabi. A 1998 aka tattara gwaje-gwaje shida aka duba: ɗigon a hankali ya rage ƙari ga kashi 22 cikin 100, turawa lokaci guda kashi 14.

Sai dai a faɗi gaskiya, bambancin tsawon rai a wannan bincike bai kai wata guda ba. Babbar ribar ita ce sauƙin illa. Turawa lokaci guda ta fi kawo gyambon baki da karyewar ƙwayoyin jinin da ke kare jiki; ɗigon a hankali ya fi taɓa tafin hannu da na ƙafa. Magani ɗaya ne, sauri kawai aka canja, sai ya canja hali. Tsawon rai ya ƙaru ne sosai da aka ɗora wasu magunguna a kansa, okzaliplatin ko irinotekan. Su ne haruffan da za ka gani a takardar majinyaci, FOLFOX ko FOLFIRI. A zamanin 5-FU shi kaɗai, matsakaicin abin da ake samu kamar shekara ɗaya ne. A wasu manyan gwaje-gwajen baya-bayan nan ya kai wajen wata 30.

Kwalba a ƙugu, ɗaki a ƙirji

A tsarin FOLFOX da FOLFIRI ɗigon 5-FU yana ɗaukar sa'a 46, kowane mako biyu. Ko dai a kwantar da mutum kwana biyu, ko a ɗaura masa wata 'yar kwalba mai balan-balan a ciki wadda ke matso maganin da kanta, ya tafi gida da ita a ƙugu.

Jijiyar hannu ba ta jure wannan. Takan kumbura, ta taurare, wani lokaci fatar da ke kanta ta yi baƙin layi, kuma in allura ta goce magani ya zuba a nama yana iya ƙona wurin. Shi ya sa ake dasa wani ɗan ƙoƙo a ƙarƙashin fatar ƙirji, mai siririn bututu da ya shiga babbar jijiya kusa da zuciya. Likitocinmu “shambur” suke ce masa da Faransanci, wato ɗaki. Yana hutar da hannu, amma ƙaramar tiyata ce, da kuɗinta, yana son allura ta musamman da hannu mai tsabta, kuma ƙwayar cuta ko gudan jini na iya kama shi.

Ga wani abu da ba a cika tunawa ba a ƙasashen sanyi. Ita kwalbar nan zafi na ƙara mata gudu. Wanda ya rataya ta ya hau babur a ranar watan Afrilu a Marwa ko Kuseri, inda zafi ke haura digiri 40, yana iya ganin ta ƙare kafin lokacinta, ma'ana maganin ya shiga da saurin da ba a so. A ajiye ta a inuwa, kada a kwanta a kanta, kada kuma a sa mata ƙanƙara.

To ita ƙwayar fa?

Ƙwayar da aka bai wa dattijon unguwarmu sunanta kapesitabin, wasu sun fi saninta da Xeloda. Amurka ta amince da ita ga ciwon dajin hanji mai nisa a 2001. Dabarar da aka yi ita ce a tura 5-FU cikin jiki a siffar da DPD ba zai gane shi ba. Kamar gero ne a buhu, ba ya ciwuwa sai an surfa, an niƙa, an tuƙa. Ƙwayar takan ratsa hanji ta shiga jini yadda take, hanta ta fara sarrafa ta, a ƙara sarrafawa karo na biyu, sannan a mataki na uku ta rikiɗe ta zama 5-FU. Sinadarin da ke yin wannan aiki na ƙarshe ya fi yawa a cikin ƙari fiye da lafiyayyen nama. Da yake safe da yamma ake sha, kwana 14 a jere a huta bakwai, sai ta yi kama da yayyafin da muka ambata.

An gwada ƙwayar da ɗigon kai da kai. Wani gwaji mai majinyata kusan 2,000 da aka wallafa a 2008 ya nuna ƙwayar tare da okzaliplatin ba ta gaza FOLFOX ba wajen riƙe ciwon. A wannan tsari sau ɗaya ake zuwa ƙarin ruwa a mako uku, sauran a gida. Dattijo ko mai raunin jiki kuma ana iya ba shi ƙwayar ita kaɗai. Don haka amsar Goggo ita ce a'a, ba sallama ba ce, shimiyo ce sosai.

Kuma daidai nan haɗarin yake, domin wanda ya raina ƙwaya zai yi wasa da ita. A asibiti ma'aikaciyar jinya ce ke auna magani, ta duba agogo, ta lura da fuskar majinyaci. Da an koma ƙwaya, duk wannan aiki ya dawo kan mutanen gida, galibi ba tare da an zaunar da su an koya musu ba. Adadin ƙwayoyin da tsayi da nauyin mutum ake lissafa shi, akwai ta miligiram 500 akwai ta 150, saboda haka abin da maƙwabci ya sha ba naka ba ne. Cikin rabin sa'a bayan cin abinci ake haɗiye ta da ruwa, ba a daka ta, ba a jiƙa ta a kunu. Wanda ya manta ba ya ninkawa, wanda ya yi amai ba ya sake sha. Makon hutun ma cikin magani yake, ba rowa likita ya yi ba. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ba a ba shi, mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kuma dole likita ya sani. Ba a so a ajiye ta a wurin da zafi ya wuce digiri 30, ka ga ɗakin kwano da rani ba wurinta ba ne.

Wajen rabin masu shanta suna samun matsalar tafin hannu da ƙafa. Littattafan Turai “ja” suke cewa, amma a baƙar fata abin da aka fi gani shi ne tafin ya yi duhu, ya bushe, ya yi kauri, daga baya ya tsage yana zafi. Mata su yi haƙuri da lalle a wannan lokaci, don yana rufe alamar da likita ke nema. Har zanen yatsa takan shafe wa wasu. A 2009 likitoci sun ba da labarin wani mutumin Singafo da aka tsare sa'o'i a filin jirgin Amurka saboda na'ura ta kasa karanta yatsunsa. Mai shirin yin katin ɗan ƙasa ko fasfo ya riƙe takardar likita.

Gudawa ce abin tsoro. In ta ƙaru sau huɗu a rana kan yadda aka saba, ko baki ya yi gyambo har ci ya gagara, a dakatar da ƙwayar a kira likita a ranar. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ma haka. Mu da zarar jiki ya yi zafi sai mu ce cizon sauro ne, a aika yaro ya sayo magani. Ga mai shimiyo, ta baki ko ta jijiya, zazzaɓi na iya zama alamar garkuwar jiki ta faɗi, kuma sa'o'i kaɗan na iya yanke hukunci.

Akwai kuma mutanen da aka haifa da ƙarancin DPD, 'yan kaɗan cikin kowane ɗari. Su ko ta wace hanya aka ba su, maganin taruwa yake yi a jikinsu tun zagayen farko. A 2020 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a gwada kowa kafin a fara. Gwajin da aka fi yi a can an gina shi ne kan sauye-sauyen ƙwayar gado da suka fi yawa a Turawa, alhali akwai wani da aka fi samu a 'yan asalin Afirka. Ko an yi gwaji ko ba a yi ba, makonni biyun farko su ne na sa ido.

Waɗanda ba su da ƙofa sai jijiya

Okzaliplatin da irinotekan ta jijiya ake ba da su. Okzaliplatin yana da wata ɗabi'a: kwanaki bayan an sa shi, sanyi kan sa yatsu su ji kamar an taɓa wayar lantarki, ruwan ƙanƙara kuma ya sa maƙogwaro ya ji kamar ya shaƙe. Ruwan randa da sanyin asuba a lokacin hunturu ma ya isa, gara a ɗumama ruwan alwala.

Sababbin magungunan da ake yi da furotin, irin su bebasizumab da setuksimab da suka shigo a 2004, ba za su taɓa shiga ta baki ba a yadda suke, don ciki narkar da su zai yi kamar tsokar nama. Kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Setuksimab ba ya amfanar wanda ƙarinsa ke da sauyi a ƙwayar gadon da ake kira RAS. Masu zaburar da garkuwar jiki kamar fembrolizumab suna aiki ƙwarai, amma ga wani rukuni da bai wuce kamar kashi 5 cikin 100 na masu mataki na huɗu ba. Duk wanda za a sa ya sayar da gona don “allurar Turai”, ya fara tambaya ko an gwada naman ƙarin. A gefe guda kuma, magungunan da ake komawa gare su in na farko sun gaza, regorafenib da Lonsurf, ƙwayoyi ne.

Kai magani har ƙofar ciwo

Tunda hanta da tantanin ciki ne manyan mafakar ciwon, likitoci sun daɗe suna neman yadda za su zuba magani a can kai tsaye. Hanta na da mashigar jini biyu. Lafiyayyen namanta ya fi sha daga jijiyar da ta taso daga hanji, ƙarin kuwa kusan duk abincinsa daga ɗaya jijiyar yake, wadda ta taso daga ɓangaren zuciya. Sai ake sa bututu a wannan ta biyun, a haɗa da famfon da aka dasa a ƙarƙashin fatar ciki. Maganin da aka fi sawa, fuloksuridin, hanta na tsotse sama da kashi 90 nasa a wucewar farko, ƙarin ya sha da yawa, sauran jiki ya sami kaɗan. Asibitin Memorial Sloan Kettering na Niyok ya yi suna a kan wannan. Illarsa ita ce yana iya ƙuntata magudanan ruwan matsarmama, kuma ba ya tsare huhu, don haka tare da maganin jijiya ake yinsa.

Na tantanin ciki labarinsa ya fi koyar da darasi. Likita kan buɗe ciki ya kankare duk ƙarin da ido ke gani, sannan a zagaya ruwan shimiyo mai zafin digiri 41 zuwa 43 a ciki. Ana ce masa HIPEC. Hankali ya yarda da shi, kuma wani gwaji a Holan a 2003 ya nuna tiyata da wankin tare sun fi shimiyon jijiya kaɗai. Amma wanne ne ya yi aikin, wuƙar ko ruwan? Faransawa suka raba majinyata 265 gida biyu a gwajin PRODIGE 7, duka aka yi musu tiyata, rabi aka ƙara musu wankin okzaliplatin. Sakamakon da aka wallafa a 2021: matsakaicin tsawon rai wata 41.7 ga waɗanda aka wanke, wata 41.2 ga waɗanda ba a wanke ba. Kusan babu bambanci, sai ƙarin matsaloli bayan tiyata ga waɗanda aka wanke. Har yanzu wasu cibiyoyi na yi da wani maganin daban, muhawara ba ta mutu ba. A ganina, iyalin da dillalin asibitin waje ya kwaɗaita musu “wankin ciki da magani mai zafi” su tambayi gwanintar mai tiyatar kafin su tambayi na'ura.

Hanyar mota ma hanya ce

Da yawa daga majinyatanmu Yawunde ko Duwala ake tura su, wasu su tsallaka Najeriya, na Chadi su nufi Njamena ko su wuce waje. Daga Marwa zuwa Yawunde sai ka ratsa Garwa, ka hau dutsen Ngaundare, sannan ka kwana a jirgin ƙasa. A yi wannan kowane mako biyu, da mai rakiya, da masauki, ga mutumin da ke fama da tashin zuciya. Inda ake yankewa ke nan, a yi zagaye uku kuɗi su ƙare, a dawo gida. Tsarin mako uku da za a iya kammalawa ya fi na mako biyu da za a watsar a tsakiya, kuma wannan magana ce da ya kamata a gaya wa likita ƙarara tun ranar farko, ba a rufe ta don kunya ba.

Masu adawa da ƙwaya a irin yanayinmu su ma suna da hujja. Majinyacin da ke ƙauye, ba mai karanta masa takarda, ba inda zai auna jini kafin kowane zagaye, in gudawa ta kama shi da dare wa zai kira? Ga jabun magani: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Ƙwaya mai tsada da za a iya sawa a aljihu a tsallaka iyaka ita ce abin son 'yan damfara, don haka ba a sayenta a kasuwa ko a hannun “wani da ya san wani”. Batun azumi kuma, shan ƙwayar da rashin ruwa a jiki ba sa jituwa, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. A tambayi likita da malam kafin watan ya kama.

Idan bakin ya rufe

Ciwon kan kai inda hanji ke toshewa ko amai ya hana komai zama. A lokacin ƙwayar shimiyo ba ta da amfani, kuma maganin zafi ma sai an canja masa hanya. Tun 1986 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba da maganin zafin ciwon daji ta baki, a kan lokaci, ba sai majinyaci ya yi kuka ba, kuma mofin na sha yana aiki sosai in an daidaita adadinsa. In haɗiya ta gagara, ana sa 'yar siririyar allura a ƙarƙashin fata a bar ta kwanaki, ba sai an yi ta neman jijiya a hannun da ya rame ba. Akwai kuma filastar fentanil da ake mannawa a fata a canja bayan kwana uku. Ba ta fara aiki nan take, sai ta ɗauki kusan rabin yini, kuma zafi na sa ta saki magani fiye da kima, don haka ba a gasa wurin da ruwan zafi, ba a bar majinyaci a rana da ita, kuma in zazzaɓi ya taso ko barcinsa ya yi nauyi fiye da yadda aka saba, a sanar da likita.